Ƙwayoyin Tushe da Warkar da Miki: A Bar Bincike Ya Yi Aikinsa, A Daina Cinikin Fata

Wata 14 kawuna ya yi da gyambo a tafin ƙafarsa ta dama. Ciwon suga ne ya kashe masa jijiyoyin ƙafar, ya taka wani abu bai ji ba, sai da aka ga jini a safa. Ni ne mai kai shi wankin miki, don haka na san warin, na san launin mugunyar, na kuma san yadda dattijo mai fara'a yake komawa mai shiru idan ya ji likita ya fara kewaye-kewaye kan batun yanke ƙafa. A cikin wannan hali ne wata rana ya miƙo mini wayarsa ya ce, "Ɗana, duba mini wannan. Sun ce allura ɗaya ce." Bidiyon talla ne wani ya turo masa. An nuna wata ƙafa da ta ruɓe, sannan aka nuna ta ta warke sumul, a tsakani kuma wani mutum da farar riga yana maganar ƙwayoyin tushe, abin da masu tallan ke kira sitem-sel.

Ban iya ba shi amsa a ranar ba. Na koma na karanta abin da zan iya karantawa, kuma abin da na fito da shi ya ba ni wuya fiye da a ce na tarar da ƙarya zalla. Da ƙarya ce tsagwaronta, da na ce masa ƙarya ce mu wuce wurin. Sai na tarar ilimin gaskiya ne, ya ceci rayukan da babu wanda ya sa musu rai, amma abin da aka tallata wa kawuna ba shi ne wannan ilimin ba, sunansa kawai aka ara.

Kafin a je ɗakin gwaje-gwaje, ya kamata mutum ya san cewa ƙwayoyin tushe suna jikinsa tun haihuwa. Saman fatar mutum ba ya zama wuri ɗaya, kullum yana zubewa ana maye gurbinsa, cikin kusan wata guda ya sabunta. Masu wannan aiki wasu ƙwayoyi ne da ke kwance a ƙasan saman fatar da kuma cikin ramin gashi. Abin da ya bambanta su da sauran ƙwayoyin jiki shi ne idan ɗaya ta rabu biyu, tana iya barin irinta a wurin, ta kuma fitar da wadda za ta hau sama ta zama fata. Idan mutum ya ƙuje, jini ya daskare ya toshe wurin, sojojin jiki su zo su share datti da ƙwayoyin cuta, sabon nama ja mai ɗauke da ƙananan jijiyoyin jini ya cike ramin, sai waɗannan ƙwayoyi su taso daga gefen mikin da ramukan gashi su rarrafo su rufe shi. Shi ya sa ƙunar da ba ta yi zurfi ba take warkewa da kanta: ramukan gashi da na gumi sun tsira, irin yana nan. Ƙunar da ta cinye fata har ƙasa kuwa ta ƙone irin gaba ɗaya, ba ta da inda za ta tsiro sai daga gefe, kuma idan faɗinta ya yi yawa, dole a ɗebo fata daga wani sashe na jikin a dasa. To, wanda kusan duk jikinsa ya ƙone, daga ina za a ɗebo?

Wannan tambaya ce masanin kimiyya Howard Green da ɗalibinsa James Rheinwald suka buɗe hanyar amsa ta a Amurka a 1975, lokacin da suka gano yadda za a raini ƙwayoyin saman fatar mutum a cikin faranti su yi ta yaɗuwa. Daga ɗan yanki kamar kan sarki ana iya samun shimfiɗar da za ta rufe jiki cikin kusan mako 3. A 1983 wasu yara biyu, wa da ƙani, suka ƙone a jihar Wayomin, wuta ta ci fiye da kashi 95 cikin 100 na jikin kowannensu. Aka kai su asibitin ƙuna a Boston, aka ɗebi ɗan abin da ya rage na lafiyayyar fatarsu, aka raina a ɗakin gwajin Green, aka dasa musu. Suka rayu.

Labarin da ya fi taɓa ni shi ne na wani yaro ɗan shekara 7, ɗan gudun hijira daga Siriya, da aka kwantar a asibitin yara na birnin Bohum a Jamus a 2015. An haife shi da wata cutar gado wadda saman fata ba ya manne wa na ƙasa, ko riga ta goge shi sai wurin ya yi bororo ya saluɓe. Ƙwayoyin cuta suka shige shi, ya rasa mafi yawan fatarsa, likitoci suka gwada duk abin da suka sani bai yi ba. Sai suka tuntuɓi wani masanin ƙwayoyin tushe, Michele De Luca, a birnin Modena na Italiya. Aka yanki fata mai faɗin santimita murabba'i 4 daga inda bai lalace ba, aka gyara gurɓataccen umarnin gadon da ke cikin ƙwayoyin, aka raine su har suka zama shimfiɗa mai faɗin kusan mita murabba'i ɗaya, aka dasa a tiyata 3. Kusan kashi 80 cikin 100 na fatar jikinsa sabuwa ce. A watan Fabrairun 2016 aka sallame shi, ya koma makaranta. Da aka wallafa sakamakon a mujallar Nature a 2017, an nuna cewa 'yan ƙalilan ne daga cikin ƙwayoyin da aka dasa suka kasance na tushe na ainihi, kuma su ne suka ci gaba da riƙe fatar bayan sauran sun ƙare wa'adinsu sun zube. Duk wanda ya ce wannan fanni yaudara ce, bai san labarin yaron nan ba.

Sai dai a lura da yadda aka yi nasarar. An san ainihin abin da majinyacin ya rasa. An san irin ƙwayar da aka ɗauka, an san ƙwayar fata ce za ta je ta yi aikin fata. Daga jikin mai ciwon aka ɗauke ta, saboda haka jiki bai ƙi ta ba. Likitocin tiyata sun shirya wurin da za a shimfiɗa ta, an yi jinyar watanni, an bi majinyacin shekaru ana dubawa, an kuma rubuta komai a fili don sauran masana su tantance. Kuma masu aikin ba su ɓoye gazawarsa ba. Fatar da aka raina a faranti siririya ce ƙwarai, tana saurin yagewa, ba ta zuwa da ramin gashi ko na gumi, kuma mako ukun da ake jira kafin ta isa dashe lokaci ne mai haɗari ga wanda jikinsa yake a buɗe. Wanda ya yi aiki na gaskiya ba ya jin kunyar faɗin inda aikin ya tsaya.

Abin da aka tallata wa kawuna daban ne. Yawancin allurar da ake yi wa masu gyambo da sunan ƙwayoyin tushe ba ƙwayoyin fata ba ne, wasu ne da ake tacewa daga ɓargo, ko kitsen ciki, ko igiyar cibiya. Da farko an ɗauka idan aka zuba su a miki za su zauna su rikiɗe su zama sabon nama. Bincike ya nuna galibinsu ba sa daɗewa a wurin, abin da suke yi shi ne fitar da wasu sinadarai masu rage kumburi da kiran sababbin jijiyoyin jini. Arnold Caplan, masanin da a 1991 ya raɗa musu sunan da suka shahara da shi, mai kiransu ƙwayoyin tushe, ya fito a 2017 ya nemi a canza sunan, domin a cewarsa ba aikin ƙwayoyin tushe suke yi a jikin majinyaci ba, kuma sunan yana sa mutane su zaci abin da ba haka yake ba. Idan mai suna da kansa ya ce a janye, ai ya kamata mai saye ya tsaya ya yi tunani.

Ban ce ba su da amfani ba. Dalilin da ya sa ake gwada su mai ƙarfi ne, domin gyambon mai ciwon suga miki ne da ya maƙale a matakin kumburi, jini ba ya isarsa sosai, kuma duk abin da zai iya kwance wannan ƙulli ya cancanci a bincike shi. An yi gwaje-gwaje da dama, wasu sun ba da sakamako mai faranta rai. Matsalar ita ce yawancinsu ƙanana ne, kowane da irin ƙwayar da ya yi amfani da ita, da adadinta, da yadda ya sa ta, ga kuma ɗan gajeren lokacin bibiya. Wani kaso mai yawa na hujjar ma daga ɓeraye aka samo shi, alhali fatar ɓera sakwa-sakwa take, mikinsa ya fi rufewa ta hanyar tsukewa, namu kuwa ya fi dogara ga sabuwar fata ta rarrafo ta rufe. Abin da ya warkar da ɓera cikin kwanaki ba lallai ne ya warkar da dattijon da ya shekara 20 da ciwon suga ba.

Akwai misalin da ya kamata duk mai zumuɗi ya riƙe. A 2018 Tarayyar Turai ta amince da wani magani mai suna Alofisel, wanda aka yi da ƙwayoyin kitse, don warkar da wani irin miki mai rami da ke fitowa a gefen dubura ga masu wata cutar kumburin hanji. Ya bi ƙa'ida, ya tsallake gwaji na farko mai girma. Da aka sake gwaji na biyu wanda ya fi na farkon yawan mutane, sai aka ga bai fi allurar da babu magani a cikinta ba. A ƙarshen 2024 aka janye shi daga kasuwar Turai. Wannan fa magani ne da masana suka yi shekaru a kansa, hukuma ta duba takardunsa. Idan irin wannan zai iya faɗuwa a gwaji, me za a ce game da ruwan da aka tace a bayan ɗakin shan magani cikin awa guda, babu wanda ya ƙirga abin da ke ciki?

Masu tallan sukan ce ai daga jikinka aka ɗebo, ba zai cutar da kai ba. A 2015 wasu tsofaffin mata 3 a jihar Fulorida ta Amurka, masu fama da raunin gani na tsufa, suka biya dala 5,000 kowacce aka tace kitsen cikinsu aka yi musu allurarsa a idanu biyu a rana ɗaya. Ɗaya ta makance gaba ɗaya, sauran biyun suka rasa mafi yawan ganinsu. Garin neman gira aka rasa ido, kuma a nan ba karin magana ba ce. A 2018 hukumar yaƙi da cututtuka ta Amurka ta ba da rahoton mutum 12 da aka kwantar a asibiti bayan an yi musu allurar wani ruwa da aka ce daga jinin cibiya aka samo shi, ashe ya gurɓace da ƙwayoyin cuta. A kwatanta irin wannan ruwa an zuba shi a ƙafar da dama jini ba ya isarta, garkuwarta ta yi rauni, ƙashi kuma yana kusa. Abin ya yi yawa har kamfanin Google ya sanar a 2019 cewa ya daina karɓar tallan irin wannan jinya da ba a tabbatar ba. Bidiyon da ake turawa daga waya zuwa waya kuwa babu mai tare shi.

Na san abin da za a ce mini, domin kawuna da kansa ya faɗa mini shi. Ya ce, "Ƙafata ce, kuɗina ne. In za a yanke ta gobe, me zai hana in gwada yau?" Maganar ta yi mini nauyi, kuma ba na raina ta. Wanda ruwa ya ci, ko takobi aka miƙa masa zai kama. Gaskiya ne kuma hukumomi na da nawa, ana iya shekara 10 kafin magani ya fito daga ɗakin gwaji ya iso ga mai buƙata, kuma wasu ba za su kai lokacin ba. Amma ni a ganina hakkin gwadawa yana da hanyarsa, ita ce gwajin magani na ƙa'ida: a gaya wa mutum a fili cewa ba a san ko zai yi aiki ba, kwamitin da ba shi da riba a ciki ya duba tsarin, a kwatanta da waɗanda aka yi wa jinyar da aka saba, a rubuta wanda ya warke da wanda ya lalace, kuma a bisa al'ada ba a karɓar kuɗin maganin gwaji daga majinyaci. A irin wannan, ko maganin bai yi ba, an ƙaru da sani, na baya zai amfana. Wanda ya karɓi kuɗi ya yi allurar da ba a tabbatar ba, ya ɗora wa majinyaci haɗarin, ya ɗauki ribar, bai bar wa duniya ilimin komai ba, domin hoton waɗanda suka warke kaɗai yake nunawa. Mutum ya zo neman fata ta rufe masa miki, an sayar masa da fata na baki. Wannan ciniki ne nake ganin ya wajaba hukumomin lafiya a ko'ina su hana, su kuma hukunta likitan da ya ara masa farar rigarsa.

Akwai kuma wata ɓarna da ba a cika ambata ba, wato lokaci. Gyambo ba ya jira. An san abubuwan da ke warkar da mikin ƙafar mai ciwon suga, kuma babu mai ƙyalƙyali a cikinsu: a kankare mataccen nama a kai a kai, a duba ko jini na isa ƙafar, in jijiya ta toshe a buɗe ta, a kashe ƙwayoyin cuta idan sun shiga, a daidaita suga, sannan a ɗauke nauyin jiki daga kan mikin da filasta ko takalmi na musamman. Na ƙarshen nan ya fi kowanne wuyar bi, domin ƙafar da ba ta jin zafi ba ta hana mai ita takawa. Tun 1962 wani mai bincike, George Winter, ya nuna a Ingila cewa mikin da aka rufe ya zauna da ɗan danshi ya fi saurin warkewa a kan wanda aka bari ya bushe ya yi ɓawo, amma har yau akwai masu shanya miki. Tarayyar masu yaƙi da ciwon suga ta duniya ta ƙiyasta cewa a 2021 manya miliyan 537 ne ke da ciwon, kuma masana sun ƙiyasta cewa tsakanin kashi 19 zuwa 34 cikin 100 na masu shi za su yi gyambon ƙafa a rayuwarsu. Ƙafafun da ake yankewa, da yawansu ba don rashin sabuwar fasaha ba ne, don an makara ne da tsohuwar. Ko ƙwayoyin tushe na gaske aka zuba a mikin da ake takawa kullum, jini kuma ba ya zuwa, mutuwa za su yi a wurin, kamar irin da aka watsa a kan dutse.

Wasu kan ƙyamaci fannin gaba ɗaya don sun ji ana cewa da ɗan tayi ake yi. Ya kamata a raba zance. Ƙwayoyin da aka samo daga tayin 'yan kwanaki, waɗanda masanin Amurka James Thomson ya fara rainon na mutum a 1998, su ne suka jawo muhawarar addini da ɗa'a. Aikin fata da na kawo labarinsa bai taɓa tayi ba, fatar majinyacin ce da kansa. A 2006 ma Shinya Yamanaka na Japan ya nuna ana iya mayar da ƙwayar jiki ta yau da kullum ta koma ta tushe, aikin da ya ba shi lambar Nobel a 2012.

Abin da ya fi damuna game da ɓangaren da ya tabbata shi ne wa zai same shi. Hukumar Lafiya ta Duniya ta ƙiyasta ƙuna tana kashe mutum kusan 180,000 a shekara, mafi yawansu a ƙasashe masu ƙaramin ƙarfi da matsakaita, inda ɗakin rainon ƙwayoyi mai tsaftar da ake buƙata ya yi ƙaranci. Shi ya sa aikin Fiona Wood, likitar ƙuna a birnin Perth na Ostireliya, ya fi ba ni ƙarfin gwiwa. Ita da abokiyar aikinta Marie Stoner sun ɓullo da hanyar fesa ƙwayoyin fata a kan ƙuna maimakon shimfiɗa su, an kuma yi amfani da ita ga waɗanda harin bam na tsibirin Bali a Indunusiya ya ƙona a 2002. Na'urar da ta fito daga aikin, ReCell, tana ba likita damar yankar ɗan ƙaramin yanki, ya warware ƙwayoyinsa a ɗakin tiyata cikin kusan rabin awa, ya fesa a wurin da ya ninka yankin sau da yawa. Amurka ta amince da ita a 2018. Ba ta maye gurbin dashen fata a ƙuna mai zurfi, tare ake haɗa su, amma ta rage yawan lafiyayyar fatar da ake ɗiba, kuma ba ta buƙatar jiran makonni. Idan gwamnatoci da masu ba da tallafin bincike za su zuba kuɗi, irin wannan hanya nake so su bi, wadda za ta iya isa asibitin da ba shi da komai sai likita da wuƙa da fitila.

Na koma wurin kawuna da tambayoyi huɗu na ce mu aika wa masu tallan: wace irin ƙwaya ce, wace hukuma ce ta amince da ita don gyambon ciwon suga, a ina aka wallafa sakamakon gwajinta, kuma mutum nawa ne aka yi wa bai yi musu ba. Amsar da ta dawo ƙarin hotuna ce da tayin ragi idan mun biya cikin mako. Ya daɗe yana kallon wayar, sannan ya ce, "To, ɗana, mu koma wurin likitan."

Da aka auna, sai aka tarar jijiyar da ke kai jini ƙasan gwiwarsa ta tsuke, aka buɗe ta. Aka naɗe ƙafar da filasta yadda ko ya taka nauyi ba zai sauka a kan mikin ba, ana cirewa ana kankarewa ana mayarwa. Ya tsani filastar, ya yi ta ƙorafi, amma bai cire ba. A mako na 5 mai wankin mikin ta kira ni ta ce in matso in gani. A gefen ramin akwai wani siririn zobe mai ruwan hoda, kamar an zana shi da alli. Ta ce sabuwar fata ce take shigowa. Bayan wata 3 ramin ya rufe. Likitan ya gargaɗe mu cewa kusan 4 cikin 10 na irin wannan miki kan dawo cikin shekara guda, saboda haka yanzu kowane dare kafin kawu ya kwanta, sai an ɗaga ƙafar an haska tafinta da fitila an duba.